Marubuci da Wasan Kwaikwayo Mai Dogon Zango

Wasan kwaikwayo mai dogon zango shi ne wanda ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Ana raba labarinsa kashi-kashi, a nuna kashi guda yau, a bar sauran sai gobe ko mako mai zuwa. Wani yakan yi shekara ana nuna shi, wani kuwa har yaran da suka fara kallonsa su girma su yi aure bai ƙare ba. A rediyo ya samo asali, a ƙasar Amurka, cikin shekarun 1930. Kamfanonin sabulu ne suka riƙa biyan kuɗin shirya shi don su tallata hajarsu ga matan gida. Dalili ke nan da Turawa suka laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce "wasan sabulu". Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, mai suna Guiding Light, ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai a 2009.

A Nijeriya, an buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959, na Kaduna kuma ya biyo baya a 1962. Ba a daɗe ba wasan kwaikwayo ya sami gindin zama. Iyayenku suna iya tuna The Village Headmaster da aka fara a Legas a 1968. A ɓangaren Hausa kuwa, da wuya a sami wanda ya kai Samanja Mazan Fama farin jini. Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, shi ya fito a matsayin Samanja. Hausar bariki yake yi, mai gauraye da Turanci, irin wadda sojoji daga ƙabilu daban-daban suke fahimtar juna da ita. Shi ya sa har waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne suka so shi. A wannan zamani kuma, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, labarin wani ƙagaggen gari da mazauna cikinsa, sannan Kwana Casa'in, wanda ya taɓo siyasa da aikin jarida. Akwai kuma Labarina, na darakta Aminu Saira, da aka fara nunawa a 2020.

Mai kallo yakan riƙe sunan jarumi da na jaruma, amma ba kasafai yake tsayawa ya karanta sunan marubuci ba. Alhali kuwa duk kalmar da ta fito daga bakin jarumi, wani ne ya hana idonsa barci ya rubuta ta.

Yaya wannan mutum yake tafiyar da rayuwarsa? Da yawa daga cikin marubutan Hausa suna da wata sana'a ban da rubutu. Wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin ofis, wata kuma matar aure ce mai girki da renon yara. Saboda haka sai su nemi lokacin da gida ya yi tsit. Wasu sukan zauna rubutu bayan sallar asuba, kafin hayaniyar gari ta tashi. Wasu sai dare ya raba. A da, littafin rubutu da biro ne kayan aiki. Yanzu kwamfuta ta shigo, wasu ma a wayar hannu suke rubuta labari sukutum. Idan wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya, sai a koma ga takarda.

Sauran yinin marubuci, na saurare ne. Idan ya shiga kasuwa, yakan kasa kunne ya ji yadda mai tumatir da mai saye suke ciniki: "Nawa?" "Albarka!" "To, sallama nawa?" Idan ya hau a-daidaita-sahu, ko ya zauna a teburin mai shayi, ba ya rasa abin da zai tsinta. Marubuciya kuma tana da wata dama da namiji ba shi da ita, domin tana shiga gidan biki da gidan suna, inda ake jin habaici da zaurance da hirar kishiyoyi. Wannan ne ya sa maganar da ke cikin wasa mai kyau take kama da ta maƙwabta. Tsohuwa ba ta magana kamar budurwa, ɗan kasuwa ba ya magana kamar alƙali. Marubucin da bai lura da wannan bambanci ba, duk mutanensa da baki ɗaya za su riƙa magana, mai kallo kuma ya gaji ya canza tasha.

Abubuwan da yake yi don nishaɗi ma sukan koma kayan aiki. Karatun littattafai yana ƙara masa kalmomi. Kallon ƙwallo, ko dara, ko kiwon tattabaru, yana haɗa shi da mutanen da ba zai gamu da su a ofis ba. Amma babban abin sha'awarsa, sau da yawa, shi ne kallon wasannin da wasu suka rubuta, na gida da na waje, har da na Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa.

Wasu iyaye suna ganin wannan kallo ɓata lokaci ne, kuma suna da hujja idan ya hana yaro aikin gida ko karatu. Sai dai kallon marubuci daban ne. Shi yakan tambayi kansa: me ya sa aka yanke labarin a nan? Me ya sa na ƙagu in ga kashi na gaba? Amsar ita ce ƙulli, wato matsalar da ake bari ba a warware ba a ƙarshen kowane kashi. Ga amarya ta buɗe wasiƙa, fuskarta ta sauya, sai kiɗa ya tashi, a ce sai mako mai zuwa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa. A littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, aku ne yake ta ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Abin da akun ya yi wa ɗan sarki, shi marubucin talabijin yake yi wa mai kallo.

Aikin yana da wahalarsa. Marubucin littafi yana iya ajiye alƙalami ya huta wata guda, amma na talabijin ba shi da wannan sarari, domin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto suna jiransa. Galibi ma ba shi kaɗai yake rubutun ba. Marubuta kan zauna tare su tsara inda labari zai dosa, sannan kowa ya ɗauki kasonsa. Dole ya tuna abin da ya faru kashi hamsin baya, don masu kallo ba sa mantuwa. Idan ɗan wasa ya rasu ko ya bar aiki, sai an nemi mafita: ko a ce ya yi tafiya, ko a kawo wani ya maye gurbinsa, kamar yadda aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a Labarina. Ga kuma hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, wadda take duba ko wasa ya dace da addini da al'ada.

Ga mai koyon Hausa, wahalar marubucin nan riba ce. Littafi zai koya maka "Ina kwana?" da "Lafiya lau", amma a wasa za ka ga yarinya ta durƙusa kafin ta gaishe da mahaifinta, ka ji matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ka kuma ji bambancin Hausar Kano da ta Sakkwato. Idan kalma ta wuce ka, kada ka damu. A wasa mai dogon zango, wanda ya faɗe ta yau zai sake faɗinta mako mai zuwa.