Damisar Ƙanƙara da Makiyayan Tsaunukan Asiya: Wa Zai Ɗauki Asarar Garke?

A ƙauyen Kibber da ke kwarin Spiti, can arewacin Indiya, gidaje na zaune ne a tudun da ya haura mita 4,000 sama da teku. Sanyi yakan rufe wasu hanyoyi wata da watanni, noma kuwa bai wuce na sha'ir da ɗan wake ba. Dukiyar magidanci a nan ita ce dabbarsa: tumaki, awaki, dawaki, da yak, wata saniyar tsauni mai gashi har ƙasa. A duwatsun da ke saman ƙauyen kuma akwai maƙwabciyar da mutum zai iya tsufa bai taɓa yin ido biyu da ita ba, sai dai ya wayi gari ya tarar da aikinta. Ita ce damisar ƙanƙara.

Ba ta kai damisar Afirka girma ba, kuma ba ta iya ruri kamar zaki. Gashinta toka-toka ne mai ɗigo, ya saje da dutse har idon mai kallo ya wuce ta kanta bai sani ba. Wutsiyarta ta kusa mita guda, da ita take daidaita jiki idan tana bin akuyar dutse a gangare, da ita kuma take rufe hanci idan ta kwanta cikin sanyi. Tana rayuwa a ƙasashe 12, daga Nepal da Bhutan zuwa Pakistan, Afghanistan, Mongoliya da kudancin Rasha, amma mafi yawan mazauninta yana ƙasar Sin. Wasu masana na kirdadon duk duniya ba su wuce 4,000 zuwa 6,500 ba. Indiya ta kwashe shekaru tana dasa kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a tsaunuka, sannan a farkon 2024 ta sanar da adadin 718, kuma 477 daga ciki suna yankin Ladakh.

Kashe ta laifi ne a dokokin waɗannan ƙasashe, amma ana kashe ta. Wani rahoto da ƙungiyar TRAFFIC mai sa ido kan fataucin namun daji ta fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa tsakanin 221 da 450 ake hallakawa duk shekara, kuma fiye da rabi ba don a sayar da fata ba ne. Ramuwar gayya ce ta makiyayin da aka yi wa ɓarna.

Duk wanda ya san kiwo zai fahimci zafin. Idan tumaki suka cinye ciyawar tsauni, namun dawan da damisa ke farauta sai su ragu, yunwa ta koro ta ƙauye. Idan ta diro cikin shingen da ba shi da rufi, dabbobi suka rikice ba hanyar gudu, takan yi ta kisa fiye da abin da za ta ci, a wayi gari tumaki gommai a kwance. Mai garken ba shi da albashi, ba shi da ajiya a banki. A zo masa da takarda daga birni cewa wannan dabba abin alfaharin duniya ce, shi kuma ya haɗiye asararsa shi kaɗai, wannan ba adalci ba ne, kuma dokar da aka gina a kan haka ba ta taɓa hana guba da tarko ba.

Daga nan ne wasu masu bincike suka sauya salo. A yankin Baltistan na Pakistan, wani masani mai suna Shafqat Hussain ya fara inshorar dabbobi a ƙauyen Skoyo a ƙarshen shekarun 1990. Tsarin ya yi kama da adashi: kowane makiyayi yana zuba ɗan kuɗi gwargwadon yawan dabbarsa, a haɗa da wani kaso daga kuɗin 'yan yawon buɗe ido da masu tallafi. Idan damisa ta kashe akuya, kwamitin ƙauye ne zai je ya duba mushen, ya tabbatar, sannan a biya diyya. Hikimar tana nan: tunda kuɗin na kowa ne, ba wanda zai bar maƙwabcinsa ya yi ƙaryar asara, kuma ba sai an jira jami'in gwamnati ya hawo dutse bayan watanni ba.

A Kibber, wani masanin mai suna Charudutt Mishra da abokan aikinsa sun ƙara da wani abu. A 1998 suka yi yarjejeniya da dattawan ƙauye a keɓe wani yanki na makiyaya, kada a kai dabbobin gida, a biya ƙauyen kuɗin haya. Cikin 'yan shekaru tumakin dawan da ake kira baral suka ninka a wurin, damisa ta sami abincinta na asali. Inshora ta biyo baya a 2002. A yau mutane na zuwa Kibber daga ƙasashe masu nisa a tsakiyar hunturu don su hango damisa ta madubin hange, su kwana a gidajen mutanen gari, matasan da suka tashi da kiwo su ne masu gano musu sawu. A Ladakh ma haka, kuma can an fi ba da ƙarfi ga abu mai sauƙi: a ɗaga katangar shinge, a rufe samansa da ragar waya, a sa ƙofa mai ƙarfi.

Mongoliya ta fuskanci wata barazanar daban. Tsaunukan Tost da ke hamadar Gobi, inda damisar ke zaune, an riga an raba su ga kamfanonin haƙar ma'adinai. Wata tsohuwar malamar makaranta, Bayarjargal Agvaantseren, ta haɗa kai da makiyayan yankin suka yi ta matsa wa hukuma lamba, har majalisar ƙasar ta mayar da wurin gandun da aka kare a 2016, aka soke lasisin haƙar. A nan makiyayi da damisa ɓangare guda suka tsaya, domin ramin ma'adinai zai kori su biyun.

Gwamnatocin ƙasashen 12 sun rattaba hannu kan yarjejeniyar kare damisar ƙanƙara a birnin Bishkek a 2013, kuma a 2017 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayinta a jerin dabbobin da ke cikin haɗari, matakin da masana da dama suka ce an yi gaggawarsa. Suna da hujja. Ɗumamar yanayi na sa itatuwa hawa tudu suna cinye filin da take farauta, sababbin tituna na ratsa kwaruruka, kuma inshorar ƙauye ba ta kai ga mafi yawan makiyayan yankin ba tukuna. A Spiti ma wata sabuwar matsala ta ɓullo tare da baƙin: sharar masaukai da gidajen abinci ta tara karnukan da ba su da masu su, kuma bincike ya nuna a wasu ƙauyukan sun fi damisa da kyarkeci kashe tumaki, har baral ɗin da aka sha wuya aka dawo da su suna bi.