Waya a Ɗakin Lacca: Ladabin Ya Hau Kan Malami da Ɗalibi

A shekarar 2018 Faransa ta kafa dokar hana yara amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A 2023 kuma hukumar UNESCO ta ja hankalin ƙasashe kan yadda wayar ke raba ɗalibi da natsuwa. Amma ko Faransar ba ta kai dokar tata jami'a ba, domin ɗan jami'a baligi ne, ba a ƙwace masa kaya.

A nan gida ma hanin ba zai yiwu ba. Tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, waya take ta karɓe ayyuka har ta zama laburaren talaka. Ta WhatsApp wakilin aji ke sanar da sauyin lokacin lacca, ta nan ake raba takardun karatu. Wanda ya makara ya zauna can ƙurya cikin ɗaruruwan ɗalibai kuwa, hoton allo ne littafinsa.

Saura ladabi. Kashe ƙarar waya kafin shiga aji ba ya buƙatar doguwar magana. Abin da ya fi damuna shi ne kyamara. Ɗalibi ya naɗi muryar malami ko bidiyonsa ba izini, ya yanko inda harshe ya zame, ya watsa a TikTok. Wani ya ɗauki hoton ɗaliba tana gyangyaɗi, kafin la'asar ta zama abin dariya, wataƙila ma matar aure ce. Wannan cin amana ne, kuma yana kashe tambaya a aji, don mai tsoron a ɗauke shi ba zai ɗaga hannu ba. Haka ma saƙon tsakar dare ga malami, ba sallama, ba suna, ba lambar kwas, rashin ladabi ne.

Sai dai malaman ma a faɗa musu gaskiya. Wanda ke katse lacca ya amsa kira, ɗalibai na sauraron cinikin filinsa, da wane baki zai kori mai latsa waya? In kiran gaggawa yake jira, ya faɗa tun farko, ya fita waje ya amsa.

Ɗakin jarrabawa kaɗai ne babu sassauci, kuma tun daga jarrabawar JAMB kowa ya san haka. Ga sauran, muna kira ga shugabannin sassa su sa kowane malami ya bayyana ƙa'idarsa a laccar farko ta zango, a rubuce, kuma ta fara aiki a kansa.