Birkin A-kori-kura a Tuddan Yawunde: Yadda Ake Gane Cinyewar Fad da Yadda Ake Canza Shi

Birnin Yawunde, hedikwatar ƙasar Kamaru, a kan tuddai yake zaune, har ana yi masa kirari da birnin tuddai bakwai, don haka motar a-kori-kura da ta ɗauko nama daga mayankar SODEPA da ke Etoudi, a arewacin birnin, zuwa kasuwar Mokolo ko zuwa wurin masu tsire da kilishi na unguwar Briqueterie, inda Hausawa suka daɗe da zama, ba ta yin nisa ba tare da ta hau ta gangara ba. A kowace gangara birki ne ke riƙe da nauyin motar da na lodinta, kuma idan aka haɗa da cunkoson tasi da babura da ke sa direba taka birki a kai a kai, sai a ga cewa birkin da zai daɗe a shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano ko Maraɗi, a nan kwanansa kaɗan ne. Wannan ne dalilin da ya sa lissafin kilomita ba ya wadatarwa wajen sanin lokacin canji a wannan birni, abin dogaro shi ne a cire taya a duba da ido.

Yawancin motocin a-kori-kura da ake gani a Kamaru, musamman Toyota Hilux, birki iri biyu gare su. A ƙafafun gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda wasu faranti biyu suke matsewa ta ciki da ta waje, kuma waɗannan faranti su ne makanikai ke kira fad, waɗanda suka koyi aiki da Faransanci kuma suna cewa filaket. Kowane fad yana da bayan ƙarfe da kuma wani kauri da aka manna masa, wanda aka yi shi domin ya goge ya cinye a hankali a maimakon faifan. Abin da ke riƙe da su shi ake kira kalifa, a cikinta akwai fistan, wato ƙarfen da man birki ke turawa idan direba ya taka feda. A ƙafafun baya kuwa galibi ganga ce da takalman birki a cikinta. Da yake nauyin mota gaba yake rinjaya a duk lokacin da aka taka birki, ƙafafun gaba ne ke yin fiye da rabin aikin tsayawa, su ne kuma ke fara cinyewa.

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zuwa zafi. Idan lodi ya ƙaru, zafin yana ƙaruwa daidai gwargwado, amma idan gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu yake yi. Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kimanin tan 1, kuma duk wanda ya san kasuwar shanu ta Etoudi ko hanyar Obala da ake shigo da amfanin gona ta cikinta ya san ba kowa ne ke tsayawa a wannan iyaka ba. Fad ɗin da ya yi siriri ba ya iya tare zafi, sai zafin ya ratsa zuwa fistan, daga nan ya kai ga man birki, wanda idan ya tafasa feda takan nutse har ƙasa ba tare da motar ta rage gudu ba. Wannan na daga cikin abubuwan da direbobi ke kira shanyewar birki, suna ɗaukarsa abin da ya faɗo kwatsam, alhali ya daɗe yana ba da sanarwa.

Sanarwa ta farko ƙara ce siririya mai kama da fito, wadda ke fitowa daga wani ɗan harshen ƙarfe da masu ƙera fad suke sakawa da gangan domin ya taɓa faifai idan kauri ya kusa ƙarewa. Sai dai ba kowane fad ne ke da wannan harshe ba, musamman masu araha, kuma hayaniyar titi takan danne ƙarar. Idan ƙarar ta koma gurnani mai kaushi, irin na dutsen niƙan da ba hatsi a kansa, to kaurin ya ƙare, bayan ƙarfen ne ke cin faifai, kuma gyaran da zai tsaya a kan fad kaɗai ya haɗa da faifan da ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. Motar da ke ja gefe guda idan an taka birki tana nuna cewa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kamawa, sau da yawa saboda kalifar da ta cije. Karkarwar feda ko ta sitiyari kuwa alama ce ta faifan da kaurinsa ya daina daidaita.

Akwai wata alama a ƙarƙashin bonet da ake yawan yi wa mummunar fahimta. Yayin da fad ke cinyewa, fistan yana ƙara fitowa waje domin ya cike gurbin, man birki kuma yana bin bayansa, sai a ga man da ke cikin 'yar robarsa ya ragu. Direba ko yaron mota yakan sayi mai ya cika, hankalinsa ya kwanta, bai san ya shafe shaidar da motar ta ba shi ba ne. Raguwar man birki abu biyu take nufi, ko dai fad ya cinye ko kuma akwai yoyo a wani wuri, kuma babu ɗayansu da cikawa ke magancewa.

Tabbacin gaskiya a awo yake. Sabon fad yana zuwa da kauri na milimita 10 zuwa 12, ban da bayan ƙarfensa, kuma idan ya sauko zuwa milimita 3 lokacin canji ya yi. Abin da ya kamata a kula da shi sosai shi ne fad na ciki, domin na waje shi ake hangowa ta ramukan wili, amma na ciki, wanda ke ɓoye a bayan faifai, yakan riga ɗan'uwansa ƙarewa idan ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe ko sun yi tsatsa, ko kuma ɗaya daga cikin fistan ya cije. Jar ƙasar Yawunde da damunarta biyu, ta Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba, suna taimaka wa wannan matsala, saboda taɓo yana shiga duk inda robar kariya ta yage, ya bushe a ciki. Fad biyu na ƙafa ɗaya da suka cinye ba daidai ba, ko ɗaya da ya cinye a karkace, suna nuna cewa laifin na kalifa ne, kuma sabon fad da aka saka ba tare da an gyara ta ba zai bi sahun tsohon. Shi ma faifai yana da iyakar kaurin da aka buga a jikinsa da lambobi, wanda idan ya gaza ta, ko ya tsage, ko ya yi zurfafan layuka, canza shi ya wajaba.

Wajen saye ne mai mota ya fi shiga haɗari. A shagunan kayan gyara na Mvog-Ada a Yawunde da na Camp Yabassi a Duwala ana samun na asali da na jabu, da na hannu da aka ciro daga motocin Turai, a wasu wurare ma akan manna sabon kauri a kan tsohon bayan ƙarfe. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, domin mannin da ba a gasa shi a masana'anta ba yana iya ɓarewa gaba ɗaya idan ya yi zafi, a daidai lokacin da ake tsakiyar gangara. Fad na hannu kuma babu mai iya sanin irin zafin da ya sha a baya. Alamar ECE R90 da ake gani a jikin kwali da bayan fad tana nufin an gwada shi bisa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kayan birki, kodayake masu jabu su ma sun iya buga tambari, don haka amincin mai shago yana da nasa muhimmancin. Tafiya da tsohon fad zuwa shago domin a gwada siffa da girma tana rage kuskure, saboda Hilux kala-kala ce.

Canjin kansa ba aiki ne mai wuya ba, amma yana da ƙa'idojin da mai mota ya kamata ya sani ko da bakanike ne zai yi masa. Ana ajiye motar a wuri mai daidaito, abin da ba koyaushe ake samu a gefen titunan Briqueterie ba, a ja birkin hannu, a sa weji a tayoyin baya, a sassauta notuna tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga da jak a tokare da ƙafar ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin da za a ba amanar hannu ko ƙafa ba ne. Ana canza na dama da na hagu tare, ba a canza ɓangare ɗaya. Idan aikin ya buƙaci a kwance kalifa, ana rataye ta da waya, ba a barinta tana lilo a jikin tiyon man birki, saboda tiyon yana iya lalacewa ta ciki ba tare da an gani ba. Ana mayar da fistan ciki a hankali ana lura da robar man birki, wadda za ta iya ambaliya idan an taɓa cika ta, kuma man birki yana cin fenti. Ƙurar da ke jikin birki ba a hure ta da baki ko da iskar famfo, ana goge ta ne da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu fad masu araha har yanzu suna ɗauke da sinadarin asbestos da ke jawo cutar huhu. Ƙusoshin kalifa ana wanke su a shafa musu giris ɗin da aka yi domin birki, ba baƙin giris na gama-gari ba, wanda ke kumbura roba, kuma ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa fuskar fad ko faifai.

Wannan ne kuma lokacin da ya dace a duba man birkin kansa. Yana tsotsar danshi daga iska, kuma a gari mai laima kamar Yawunde abin ya fi sauri. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155, DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa zuwa 140, shi ya sa masu ƙera motoci da dama suke ba da shawarar a zubar da shi a sa sabo duk shekara 2.

Bayan an mayar da taya an ɗaure notuna, saura mataki ɗaya da mantawa da shi yake jawo haɗari tun a ƙofar gareji. Tun da an tura fistan ciki, takun farko na feda ba ya kama komai, don haka dole a taka ta sau da yawa motar tana tsaye har sai ta yi tauri kafin a motsa ko taku ɗaya. Daga nan sabon fad yana buƙatar ya zauna a kan faifai, abin da ake samu ta hanyar rage gudu a hankali sau da dama a titin da babu cunkoso, tare da guje wa birkin gaggawa da lodi mai nauyi a kilomita 200 zuwa 300 na farko. A doguwar gangara irin ta dutsen Fébé, sabon fad ne ko tsoho, ana sauka ne da ƙaramar giya domin inji ya riƙe motar, kuma ɗabi'ar sa mota a firi don tsimin mai tana ɗora dukan nauyin a kan birki shi kaɗai.