Maganin Ƙarfin Maza: A Karanta Lambar da ke Jikin Kwali

Duk mai cin kasuwa a Sabuwa, ko wanda ke kai masara Dandume da Funtua lokacin kaka, ya san muryar nan ta lasifika: maganin basir, maganin sanyi, maganin ƙarfin maza. Magidanci zai tsaya nesa kamar ba ruwansa, sai jama'a sun ragu ya matso ya yi magana ƙasa-ƙasa. Wani kuma kemis yake zuwa bayan sallar isha'i, ya ce a ba shi "mai ƙarfin". Mai shago bai tambaye shi ko yana da hawan jini ba, shi ma bai tambayi miligiram nawa ne a cikin ƙwayar ba. Kowa na jin nauyin kowa, kuma a cikin wannan shirun ake cutuwa.

Ƙwayar da aka fi sani, sildenafil, kamfanin Pfizer ne ya samo ta a Ingila yana neman maganin ciwon ƙirji na zuciya. A wajen gwaji aka lura da wani aikin nata daban, har Amurka ta amince da ita a watan Maris na 1998 da sunan Viagra. Asalin nan yana da muhimmanci, domin ya nuna cewa maganin jijiyoyin jini ne. Yana sassauta su don jini ya samu hanyar shiga gaba ya tsaya. Ba ya ƙirƙirar sha'awa, ba ya ƙara girma, ba ya sa haihuwa. Kuma ba a gaba kaɗai yake aiki ba, shi ya sa wasu ke jin ciwon kai, toshewar hanci, zafin fuska, ko su ga abubuwa sun yi shuɗi-shuɗi.

Don raunin gaba, sildenafil na zuwa ne a miligiram 25, 50 da 100. Likita kan fara da 50, a sha kamar awa ɗaya kafin kusantar iyali, sau ɗaya tak a cikin awa 24. Wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon hanta ko ƙoda, akan fara masa da 25. Iyakar ita ce 100. Amma za ka tarar da kwalaye masu rubutun 150 ko 200 suna yawo, ana yi musu kirari. A gwajin da aka yi, 200 ba ta ƙara aiki ba, illa kawai ta ƙara. Wani kuskuren kuma shi ne mutum ya ci tuwo da nama mai maiƙo ya ƙoshi, ya sha ƙwaya, ya ga shiru, sai ya ƙara ta biyu. Maiƙon ne ya jinkirta ta, daga baya su taso masa tare.

Ɗaya ƙwayar, tadalafil, wadda aka sani da Cialis, lissafinta daban ne. Tana zuwa a 2.5, 5, 10 da 20, kuma tasirinta na iya kaiwa awa 36. Ƙanƙantar lambar kada ta ruɗe ka: 20 ɗinta ita ce ƙololuwa. Ba a haɗa ta da sildenafil.

Babban haɗari yana ga masu shan magungunan ciwon ƙirji dangin naitiret, irin ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Idan suka haɗu da maganin maza, jini na iya sauka farat ɗaya, mutum ya sume, wani ma ba ya tashi. Wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, da mai shan maganin kumburin mafitsara irin na dattawa, kada su taɓa sai da izinin likita. Idan kuma ƙirji ya riƙe bayan an sha, a gaya wa ma'aikacin asibiti gaskiyar abin da aka sha da lokacin da aka sha shi, kafin ya ba da wani magani.

Akwai kuma miƙewar da ba ta kwanciya. Idan ta wuce awa huɗu, jini ne ya maƙale, kuma jinkiri na iya lalata gaban har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari, ga shi muna da su a gidajenmu da yawa. Ni abin da ke tayar mini da hankali shi ne, da dare irin wannan ke faruwa, a yankin da rashin tsaro ya sa fita da dare ta zama abin tsoro, daga Sabuwa har Faskari da Ƙanƙara. Mutumin ƙauye da abin ya same shi ƙarfe ɗaya na dare, yaushe zai isa Babban Asibitin Funtua, balle na Shika a Zariya? Mu da asibiti ya yi wa nisa, mu ya fi kamata mu yi kaffa-kaffa.

Kada kuma a sakankance da kalmar "gargajiya". Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne kan haɗe-haɗen da ake zuba wa sildenafil a ɓoye, kuma a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da aka samu irin waɗannan sinadarai a cikin zumarsu. Ƙwayar kwali ko ba komai ka san lambarta. Ta cikin gora babu wanda zai iya gaya maka.

Raunin gaba sau da yawa ɗan aike ne. Jijiyoyin wurin sun fi na zuciya sirantaka, don haka su ke fara nuna alamar ciwon suga, hawan jini ko toshewar jijiya, wani lokaci shekaru kafin zuciya ta yi ƙara. Taba, tiramadol da damuwar rayuwa ma na jawo shi. Ba komai ba ne basir.

Don haka ɗan'uwa magidanci, kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya, je a auna maka jini da suga, ka faɗa wa likita damuwarka da duk maganin da kake sha. Masu kemis kuma ku ji tsoron Allah, ku daina miƙa wannan magani ba tare da takardar likita ba.