Sallar Kirsimeti a Matamaye: Alherin Disamba Ya Kamata Ya Kai Agusta

Ran 25 ga watan Disamba na kowace shekara Kiristocin duniya ke shagalin tunawa da haihuwar Isa Almasihu a Baitalami. Ita ce sallar Kirsimeti, wadda wasu ke kira Nowel. A ƙasar Nijar ranar hutu ce ga ma'aikata, ko da yake ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba.

A Matamaye, babban garin gundumar Kance cikin jihar Damagaram, Kiristoci tsiraru ne ƙwarai. Duk da haka, inda suke zaune ana sanin ranar ta zo, domin kwanon abinci kan fita daga gidan Kirista ya shiga gidan maƙwabcinsa Musulmi, kamar yadda naman layya kan biyo wannan hanya ran babbar salla. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a, ita ce ciyayya. Abin dubawa shi ne, kwana nawa wannan alheri yake yi bayan an wanke kwanonin salla?

Watan ƙoshi da watan yunwa

A ƙasar Kance, Kirsimeti tana zuwa ne bayan kaka. An yanke hatsi da dawa, an roro wake, an cire gyaɗa, rumbuna sun ɗauki abin da Allah ya hore. Raken fadamu ya cika kasuwa, masu sayen kaya na zuwa daga Damagaram da Daura. Kyauta a irin wannan lokaci ba ta da wuya, don mai tiya goma ba ya jin fitar ɗaya.

Amma gundumar tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar. A 2012 mutanenta sun kusa 400,000. Gona ɗaya da kaka ya noma, yau jikoki sun raba ta gado-gado har kowa ya tashi da ɗan yanki. Gidaje da yawa abin da suka noma ba ya kai su wata kaka. Bugu da ƙari, talaka yakan sayar da hatsinsa lokacin da yake araha, don ya biya bashi ko ya yi hidimar aure da suna. Daga watan Yuni zuwa Agusta sai ya koma kasuwa ya sayi wannan hatsi da tsada. In ba shi da kuɗi, sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye ta, amfanin baɗi ya ƙara raguwa. A cikin waɗannan watanni ne kuma zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa a kan ƙananan yara, gidajen likita su cika.

Dattawan yankin ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, ko yunwar 1984 da aka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Matasa kuwa sun ga ta 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a watan Oktoba na 2013. An tsinci gawawwakin mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu akwai yara 52 da mata 33, kuma galibinsu daga ƙasar Kance suka fito. Da yawa daga matan da ke bin wannan hanya bara suke zuwa yi a biranen Aljeriya. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku, kuma daga Disamba 2014 aka fara maido da ƴan Nijar daga can cikin ayarin motoci. Uwar da ta goya ɗanta ta ratsa hamada neman sadaka a baƙuwar ƙasa, alama ce ta cewa taimakon da ke kusa da ita bai zo a kan kari ba.

Alherin da aka gina ya daɗe

Tarihin Kiristoci a wannan ƙasa yana ɗauke da darasi a kan haka. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi. Waɗanda suka shiga addinin ba su da yawa, amma abin da jama'a suka riƙe shi ne gidan likita na Galmi, cikin jihar Tawa, wanda aka buɗe a 1950, da na Ɗanja kusa da Maraɗi, wanda aka kafa a 1956 domin masu cutar kuturta. A lokacin, kuturu mutum ne da ake gudu, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi. A Ɗanja aka wanke masa miki, aka ba shi magani. Galibin majinyatan waɗannan wurare Musulmi ne, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi.

Abin da ya sa waɗannan gidaje suka yi shekaru fiye da sittin shi ne tsari. Akwai ma'aikaci na dare da na rana, akwai littafin shigar kuɗi da fitarsu, akwai wanda zai amsa tambaya in abu ya ɓace. Tausayin da ba shi da tsari yakan tashi da ɗumi ya huce da wuri, kamar wutar kara.

Musulunci ma ya san wannan. Akwai zakkar kono ta ƙarshen azumi, akwai zakkar hatsi ta lokacin kaka, ga kuma sadaka mai gudana, irin rijiya ko itace, wadda amfaninta ba ya yankewa. Labarin haihuwar Annabi Isa kansa yana cikin Alƙur'ani, a Suratu Maryam. A kan haƙƙin maƙwabci da maraya da mara lafiya, addinan biyu bakinsu ɗaya.

Kwana 22 bayan salla

An ga yadda zumuncin salla ke iya karyewa ran Juma'a 16 ga Janairu 2015, kwana 22 kacal bayan Kirsimeti. Zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ta rikiɗe a birnin Damagaram, aka ƙona majami'u da gidajen Kiristoci. Kashegari wutar ta kama Yamai. Mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu, kuma a Damagaram Kiristoci da dama sai a barikin soja suka samu mafaka. Mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su suka biya laifin wasu can ƙetare.

Amma a ranakun nan an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu, kuma shugabannin majami'u suka yi kira ga mabiyansu da su yafe. Mutum ba ya buɗe ƙofarsa a irin wannan rana sai ga wanda ya saba gaisawa da shi, wanda ya zo masa barka da ta'aziyya. Zumunta a ƙafa take, kuma ba tafiyar rana ɗaya ba ce.

Aikin da ke jiran masu karatu

Hanyoyin kai alherin Disamba zuwa Agusta sanannu ne a karkara. Na farko shi ne bankin cimaka: gari ya tara hatsi lokacin kaka, a kulle shi, a buɗe da damina a sayar wa mabukata da rangwame. Da yawa daga waɗannan bankuna sun durƙushe saboda bashin da ba a rubuta ba da kuma son kai na ƴan kwamiti. A nan ne wanda ya gama yaƙi da jahilci yake da babban aiki, domin shi zai iya rubuta tiya nawa ta shiga, tiya nawa ta fita, ya karanta wa jama'a a fili.

Na biyu shi ne gayya. Gonar gwauruwa ko ta mara lafiya, yinin samari goma ya isa a yi mata noman farko a kan lokaci. Na uku shi ne adashin mata, wanda in an ware wani kaso nasa domin rashin lafiya, ba za a kwana da yaro mai zazzaɓi a gida ba saboda rashin kuɗin mota. Su kuma ma'aikatan gwamnati, nasu alherin yana kan teburinsu: takardar haihuwa da aka bayar ba tare da ja-in-ja ba, hatsin agaji da ya kai ga mai shi cikakke, majinyacin da aka karɓa da sakin fuska.

Manoman Matamaye da Magarya da Mirriya sun yi suna a duniya wajen rainon itatuwa cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, musamman gawo. Sun san halinsa: da damina yakan zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuwa, lokacin da daji ya bushe, shi ke ba da inuwa da abincin dabbobi. Darajarsa ita ce zuwa a lokacin da ake bukata.

Saboda haka duk gidan da ya fitar da kwano ran salla, Kirista ko Musulmi, ya kamata ya ware wani dami ya ajiye da sunan maƙwabci har zuwa marka. Hausawa sun ce alheri gadon barci ne. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya.