ƘARFE BA YA YANKUWA DAIDAI SAI AN RIƘE SHI DAIDAI

Idan muka kai yaro koyon aikin ƙarfe, abin da yakan fara ɗauke mana hankali shi ne injin da ke ruri da tartsatsin walda. Ba safai muke duban abin da ke riƙe da ƙarfen ba. Alhali kuwa tsofaffin masu sana'a sun san cewa ko injin ya kai tsadar mota, in ƙarfen da ake hudawa ya motsa ko da kaurin gashi ne, to aikin ya tashi daga daidai. Maƙerinmu na gargajiya ma ya san haka, shi ya sa ba ya ɗaga masaba sai awartaki ya kama ƙarfen da kyau.

A masana'antu irin wannan kayan riƙo suna da yawa, mu dai bari mu kira su mariƙai. Akwai na kan tebur mai muƙamuƙi biyu da ake matsewa da hannu. Akwai na bakin injin nan mai juya ƙarfe ana feƙe shi: mai haƙora uku yakan kawo sandar ƙarfe tsakiya da kansa, mai haƙora huɗu kuwa sai an daidaita kowane haƙori shi kaɗai, amma yana kama abin da ba zagayayye ba. Akwai na maganaɗisu, wanda ba ya kama alminiyom ko tagulla. Sa'an nan akwai wanda ake ƙerawa musamman domin abu guda tak. Idan irin wannan yana da ramukan da ke yi wa bakin mahudi jagora, Turawa suna kiransa jig. A kan na musamman ɗin nan muke so mu tsaya, don shi ne ya fi ƙaranci a shagunanmu.

Aikin mariƙi kashi biyu ne, kuma bai kamata a cuɗa su ba. Na farko ya zaunar da ƙarfe a wuri ɗaya kowane lokaci. Na biyu ya danne shi kada ya gusa. Injiniyoyi sun lissafta cewa duk abin da aka ajiye yana iya motsi ta hanya 6: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, da kuma juyi iri uku. Don a toshe su duka sai a tokare ƙarfen a wuri 3 daga ƙasa, wuri 2 daga gefe, wuri 1 daga ƙarshe. Me ya sa uku daga ƙasa? Ku tambayi mata. Tukunya ba ta rawa a kan duwatsun murhu uku, amma a ƙara na huɗu, sai ɗaya ya zama ɗan kallo. Bayan ƙarfe ya zauna ne ake dannewa, kuma a danne shi ta inda yake da matokari a ƙasa. Wanda ya matse siririn bututu da ƙarfin tsiya zai yanka shi a lanƙwashe, da ya sake shi sai awon ya canja. Haka kuma ɗan ɓarɓashin ƙarfe guda da ya maƙale a ƙarƙashi ya isa ya karkatar da rami. Shara da buroshi kafin a ɗora sabon ƙarfe ba ƙwalisa ba ce.

Wannan ilimi bai zo wa Turawa a sauƙaƙe ba, kuma abin tausayi, ta wajen ƙera bindiga ya fara bunƙasa. A da kowace bindiga da irin kayanta, in wani abu ya karye a fagen yaƙi sai an nemi maƙeri ya goge sabo da magagari har ya shiga. A 1785 wani Bafaranshe, Honoré Blanc, ya nuna wa Thomas Jefferson, wanda a lokacin shi ne jakadan Amurka a Faransa, kayan kunamar bindiga da aka wargaza. Jefferson ya riƙa ɗauka yadda hannunsa ya kai yana haɗawa, suna shiga. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindiga 10,000 daga gwamnatin Amurka. Ya yi suna ƙwarai a kan wannan batu, amma bai gama ba sai 1809, kuma da masana suka binciki bindigoginsa daga baya sun tarar kayansu ba sa musanyuwa yadda aka yi ta yayatawa. Wanda ya cim ma abin shi ne John Hall, a ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, bayan kwangilar da ya samu a 1819. Dabararsa ita ce, kowane ƙarfe yana da wuri guda da ake zaunar da shi a kai, daga injin farko har na ƙarshe, don kada kuskuren wannan inji ya hau kan na wancan. A 1826 kwamitin gwamnati ya wargaza bindigoginsa, ya cakuɗa kayan, aka sake haɗa su lafiya. Daga nan dabarar ta bi ta keken ɗinki da keken hawa har ta kai ga mota. Kamfanin Ford ya ƙera Model T fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, da ma'aikata da yawa waɗanda ba gwanaye ba ne, domin gwanintar tana cikin mariƙan.

To, mu ina ruwanmu? Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ya san akwai basira a hannun masu ƙera injin niƙa da na markaɗe da na sussuka. Amma a duk ƙasar nan, shagon da ke auna kowane rami da awo da alli ba zai fid da inji biyu iri ɗaya ba. Mai wahala ita ce matar da ke ƙauye da injin markaɗenta. In faranti ya lalace, maimakon ta aika a sayo mata wani, sai ta ɗauki injin ɗungurungum zuwa gari, ta biya mota, ta rasa cinikin kwana biyu. Faranti guda mai kauri, da aka huda shi daidai sau ɗaya aka ajiye ya zama jagoran sauran, ya isa ya kawar da wannan. Haka mai walda. Ƙarfe yakan janye in ya huce, shi ya sa ƙofa ke fita a karkace. Wanda ya kafa firam mai kusurwa daidai a kan teburinsa, yana danne ƙarfe a ciki kafin ya ɗiga wuta, zai yi ƙofa ashirin su shiga gurbi ɗaya. Gaskiya ne yinin da aka ɓata wajen ƙera mariƙi ba wanda zai biya, kuma domin abu ɗaya ko biyu bai cancanta ba. Amma daga goma zuwa sama, yana mai da kuɗinsa.

Sai batun yatsu, wanda muke roƙon iyaye da iyayen gida su kula. Sa'ad da mahudi ya kusa ɓullewa yakan cafke ƙarfen. In da hannu aka riƙe falle, sai ya kubce ya yi ta juyi kamar wuƙa, hannun hagu kuwa shi ne a kusa. Mabuɗin da ake matse haƙoran inji da shi, in aka manta shi a jiki aka kunna, yakan tashi kamar dutsen majajjawa. Safar hannu da riga mai faɗin hannu ba su da wuri kusa da abin da ke juyi. Saboda haka kafin ku bar yaro a shago, ku dubi teburin mahudi. In ba ku ga abin matse ƙarfe a kai ba, ku tambayi maigidan da me yaransa suke riƙe aiki.