Ku kula da mai raino, ta kula da ɗanku

Ke uwa, kina zuwa kasuwa ko gona. Kai uba, wata kila ka tafi ci rani. To, wa kuke bar ma yaro? Ko kakarshi, ko yayarshi, ko ƴar aiki. Ita ce mai raino.

Raino aiki ne mai wuya. Jariri ya fi yawan kuka in ya kai sati 6 zuwa 8, sai bayan wata 3 ko 4 kukan yake raguwa. Wani lokaci ya ƙoshi, lafiya lau yake, amma ya ƙi yin shiru. In mai raino ta gaji, ga yunwa, ga wanki, ga daka, ranta na iya ɓaci har ta girgiza shi da ƙarfi. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, kanshi kuma da nauyi. Girgizar na iya sa jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa, yaro ya makance, ko ya nakasa, ko ma ya mutu.

Don haka ku taimake ta. Ku ba ta abinci ta ƙoshi, ku bar ta ta huta. In da albashi take aiki, ku biya ta kan kari. Kada ku bar ma ƙaramar yarinya jariri wuni guda, ita ma raino take bukata. A dokar aiki ta Nijar, ba a ɗaukar yaro aiki in bai kai shekara 14 ba.

Ku gaya mata tun farko: ba duka, ba girgiza, ba ba da maganin barci. In kuka ya ishe ta, ta kwantar da shi rigingine a wuri mai kyau, ta kira maƙwabciya. Ran da ta ce ta gaji, kada ku zage ta. In kun zage ta, gobe sai ta ɓoye muku. Ku ma ku nuna misali. In kuna duka, ita ma za ta doka.

Da maraice, wajen wanka, ku duba jikin yaro. Akwai ƙuna? Akwai shatar duka, ko ciwo a gabanshi? Ya fara tsoron wani? In ya yi magana, ku saurare shi, kada ku ce ƙarya yake yi. Galibi mai cutar yaro ba baƙo ba ne, sananne ne.

In kun ga alama, ku kai shi gidan likita ran nan. In fyaɗe ne, kada a wuce kwana 3, don a samu ba da maganin da ke kare shi daga sida. Sannan ku shaida ma ƴan sanda ko jandarmomi. Kada kunya ta sa ku rufe maganar, don wanda aka rufa ma asiri yakan sake.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a girgiza jariri da ƙarfi?
2. A gidanku, wa ke taimakon mai raino in ta gaji?